Sabuwa Ta Zo: A Sayar da Tsohuwar Kyamara Ko a Ajiye?

Wata Juma'a da yamma na je gida Goronyo hutun ƙarshen mako, na tarar da ƙanwata zaune kan tabarma a tsakar gida, ta jera kyamarori biyu a gabanta kamar mai tallarsu. Ɗaya sabuwa fil, ko ledar allonta ba a ɓare ba. Ɗayar kuwa robar mariƙinta ta fara ɗagowa, igiyar ratayarta ta koɗe saboda zufa da rana.

Shekara shida ke nan tana ɗaukar hoto a ɓangaren mata: kamu, sa lalle, walima, suna, saukar Alƙur'ani. Duk mai 'ya mace a yankinmu ta san dalilin da ya sa ake neman irinta. Akwai wuraren da namiji mai hoto ba ya shiga, akwai kuma iyayen da ba za su taɓa yarda ya shiga ba. Da tsohuwar kyamarar, Canon 600D da ta saya ta hannu, ta zagaye Goronyo da Wurno da Achida har Rabah. Sabuwar kuwa, Canon 250D, ta cinye mata kwasar adashe guda, da ɗan bashi a kai.

"Yaya, wani yaro mai shagon hoto a Sakkwato ya taya tsohuwar," in ji ta. "In na sayar, na biya bashina na huta. Amma hannuna ya ƙi miƙa ta."

Inna tana bakin madafa tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kar ki sai da wagga aba, ɗiyata. Da ita aka ɗauki Malam."

Kafin ki ce ke ba mai hoto ba ce, 'yar uwa, dubi abin da kike karanta wannan rubutu da shi. Wayar hannunki kyamara ce, kuma da wuya a ce ita ce ta farko da kika taɓa riƙewa. Tsohuwar tana ina? Tana cikin akwati ƙarƙashin zannuwa, ko tana hannun yara, ko an kai ta kasuwa an yi musaya? Tambayar da ta hana ƙanwata barci ta shafe mu duka.

Abin da Inna take tsoro

Mu 'yan asalin Kagara ne. A farkon Satumban 2010, ana cikin goman ƙarshe na azumi, ruwan sama ya yi yawa, gulbin Rima ya cika ya batse, ambaliya ta ci garinmu. Lokacin ina makarantar koyon aikin jinya. An fitar da mutane da abin da hannu zai iya ɗauka, ba wanda ya tuna da wata tsohuwar jakar leda da ke cikin kwallar Inna. A cikinta hotunan gidanmu duka suke: na aurenta, na kakanninmu, na sunan kowannenmu. Da ruwa ya janye, abin da aka samu dunƙulen takarda ne.

Saboda haka hotunan mahaifinmu da suka rage a duniya su ne waɗanda ƙanwata ta ɗauke shi a shekarunsa biyu na ƙarshe, lokacin tana koyon aiki tana gwada hannunta a kan duk wanda ya zauna. A wurin Inna, sayar da kyamarar tamkar sake miƙa wa ruwa jakar nan ne.

Sai da muka zauna muka yi mata bayani. Irin wannan kyamara ba ta riƙe hoto a jikinta. Hoton yana sauka ne kan ɗan katin nan da ake zura mata, wanda muke kira memori. Aka zaro katin aka ɗora mata a tafin hannu, aka sa shi a sabuwar kyamarar, Malam ya fito a allo da rawaninsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, wanga shi za a ɓoye."

A nan rabin matsalar ya warware. Da yawa daga cikinmu ba ƙarfen muke ƙaunar ajiyewa ba, abin da ke cikinsa ne. In an raba su, sai lissafi ya yi sauƙi.

Kyamara ba zinare ba ce

Mu mata mun saba da kadarar da ake ajiyewa ta ƙara daraja: ɗan kunnen zinare, tunkiya, buhun shinkafa ko tafarnuwar Wurno da aka saya da kaka. Kayan lantarki ba haka suke ba. Ko an yi aiki da su ko an kulle a akwati, tsufa suke yi.

Canon 600D ta fito a 2011, 250D kuma a 2019. A 2018 kamfanonin Canon da Nikon suka fito da sababbin jerin kyamarori marasa madubi a ciki, kuma tun daga lokacin can hankalinsu ya fi karkata. Ma'ana, masu neman irin tsohuwar ƙanwata raguwa za su yi ta yi, kayan gyaranta kuma su ƙara wuyar samu.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. Dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, kafin watannin farko na 2024 ta haura 1,500. Duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, har da na hannu. Shi ya sa kuɗin da aka taya wa ƙanwata ya ɗara wanda ta saya da shi shekara shida baya, har ta fara murnar riba. Na ce ta auna da mudun shinkafa: mudu nawa kuɗin yake saye a wancan lokaci, nawa wannan zai saya yau? Murnar ta ragu. Ba riba ba ce, naira ce ta rame.

Sannan ajiya kanta tana da ɓarna, musamman a ƙasar Sakkwato. Zafin bazara, da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana kashe batir. Batirin da aka bari ba caji wata da watanni yana iya ƙin tashi gaba ɗaya, ko ya kumbura. Ƙurar hunturu tana shiga ciki ta zauna kan farantin da ke karɓar haske, sai ki ga ɗige-ɗige a kowane hoto. Laimar damina kuma tana sa wata irin funfuna ta tsiro a cikin gilashin gaba, kamar saƙar gizo-gizo, wadda in ta daɗe ba ta goguwa. Kyamarar da ke fita aiki ta fi wadda ke kwance a akwati lafiya.

Don haka mafi munin shawara ita ce wadda yawancinmu muke yi ba tare da mun sani ba: a ajiye "har a ga abin da hali zai yi". Bayan shekara biyu a buɗe akwati, ba ta kunnuwa, ba mai saye.

Wane aiki ya rage mata?

Tambayar da ta dace ke nan. Ba nawa aka taya ba, ba kuma nawa aka saya ba. In akwai aikin da za ki iya faɗa da baki, har ki sa masa rana, a ajiye. In babu, a sayar tun tana da sauran daraja.

Ga mai sana'a, aiki na farko shi ne tsaron baya. A ɗakin haihuwa ba ma dogara da fitila ɗaya, don in wuta ta ɗauke ba a ce wa mai naƙuda ta jira. Haka biki yake. Ba a sake kamu don kyamarar mai hoto ta faɗi, ba a mayar da amarya gidansu don batir ya ƙare. Mai hoton da ta taɓa ba uwar amarya kunya sau ɗaya, labarin zai riga ta isa Wurno. Su kuma waɗannan kyamarori biyu gilashinsu ɗaya ne, ana cire na wannan a ɗaura wa waccan, memorinsu ma iri ɗaya. Batir ne kawai ya bambanta: tsohuwar LP-E8 take ci, sabuwar LP-E17, kowace da cajarta.

Aiki na biyu shi ne koyarwa. A lokutan da biki ya yi yawa, kamar bayan kaka da bayan Sallah, sau da yawa ana kiran ƙanwata gida biyu rana ɗaya, sai ta ba ɗaya haƙuri. In da tana da yarinyar da ta koya wa aiki, da tsohuwar kyamarar ta fita ta nemo kuɗin kanta.

Aiki na uku na gida ne. In yaro mai shekara goma ko sha biyu yana son ɗaukar hoto, tsohuwar kyamara ta fi masa tsohuwar waya nesa ba kusa ba. Ba ta shiga intanet, ba TikTok a cikinta, ba baƙon da zai aiko masa saƙo. Tana fitar da shi waje ya kalli awaki da gonar albasa da fuskar kakarsa.

In kin duba ukun nan ba ki samu ko ɗaya ba, to bashin da ke kanki ko kuɗin makarantar yara sun fi akwati buƙatar kuɗin.

Amanar da ke cikin memori

Wannan ne ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci.

Na tambayi ƙanwata katin memori nawa take da su. Ta zazzage wata 'yar jaka, guda bakwai. A cikinsu akwai amaren mutane ba lulluɓi, akwai matan aure suna rawa a tsakar gida inda suka tabbata ba namiji, akwai masu jego da jariransu. Kowace ta saki jiki ne don ta yarda da wadda ke riƙe da kyamarar. Mai sayen kuwa ya ce a haɗa masa da kati biyu cikin ciniki.

"Ai sai in goge, Yaya."

A nan kuskuren yake. In kin danna gogewa, ko ma kin yi wa katin fomat na yau da kullum, hoton bai tafi ba. Abin da aka share sunansa ne daga jerin abin da ke ciki, kamar a cire lambar ɗaki a bar mai ɗakin a kwance. Har sai wani sabon hoto ya hau kansa yake ɓacewa. Akwai manhajoji na kyauta da ke dawo da irin waɗannan hotuna, kuma yara masu shagon waya da yawa sun iya aiki da su. Ba na zargin mai sayen da mugun nufi. Amma kati yana canza hannu, ba ki san na uku da na huɗu ba. Hoto guda in ya shiga WhatsApp yana iya girgiza aure, kuma ba a iya kiran sa ya dawo.

Mu ma'aikatan jinya mun san nauyin wannan. Wani lokaci mukan ɗauki hoton ciwo, da izinin mai shi, don nuna wa likita yadda yake warkewa. Wannan hoto sirrin majiyyaci ne, daidai da abin da ke cikin fayil ɗinsa. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, amana ta riga ta.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ba a sayar da kyamara da memorin da aka taɓa aiki da shi. Mai saye ya sayi sabo, ba shi da tsada idan aka kwatanta da kyamarar. In dole sai an ba da kati, a yi masa gogewa mai zurfi, wadda a allon Canon aka rubuta Low level format, sannan a kunna bidiyo a fuskanci bango har katin ya cika, a sake gogewa. Katin da ya lalace kuma ba a jefar da shi haka nan, a karya shi tukuna.

Hoto ɗaya, wuri uku

Darasin Kagara shi ne abin da yake wuri ɗaya, rana ɗaya take cinye shi. Memori ma yana mutuwa ba sallama. Don haka kafin a yi maganar ciniki, hotunan da ba a son rasawa su kasance a wuri uku.

Na farko a gida, kan filashi ko kwamfuta. Na biyu a wani gida daban, a wani gari in zai yiwu. Kwafin hotunan Malam yanzu yana wurina a Sakkwato. Na uku a intanet. Google yana ba kowane mai Gmail gigabait 15 kyauta, amma da saƙonninki da takardunki da hotunanki duk a ciki suke rabawa, don haka a zaɓi masu muhimmanci. Kada kuma a dogara da intanet kaɗai. Ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Goronyo da Rabah. Wanda duk ajiyarsa ke sama, sai da ya jira.

In za ki tura wa 'yar uwa hoto don ajiya ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, ba ta hanyar da aka saba ba, domin hanyar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kyau. Guda biyar ko goma da suka fi soyuwa kuma a wanke su a takarda. Inna ba ta iya buɗe filashi, amma tana iya buɗe ambulan.

In an yanke a sayar

A fara da tsabta: a goge jiki da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a sa ruwa, kada a taɓa madubin ciki da yatsa. A haɗa caja da batir da marfin gilashi da igiya, don kowanne da ya ɓata ragi ne a farashi.

Mai saye da ya san aiki zai tambayi yawan hotunan da ta taɓa ɗauka. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma yana da iyakar kwana. A irin waɗannan ƙananan kyamarori ana ƙiyasta masa kusan dannawa dubu 100. Mai gyara yana iya duba adadin da kwamfuta. Ki sani kafin a tambaye ki.

A tambayi farashi wuri uku kafin a amsa wa kowa: wurin masu hoto na gari, wurin dillalai, da shafuka irin su Jiji don a ga yadda ake sa wa irinta kuɗi. Wani lokaci sayar da jiki daban, gilashi daban, ya fi kawo kuɗi, domin gilashi ya fi jiki riƙe daraja. Dillali yana biya nan take amma da ragi, wanda zai yi aiki da ita ya fi biya amma sai an jira.

A faɗi aibinta. In batir ba ya daɗewa, in wani maɓalli yana maƙalewa, a faɗa tun kafin a ƙulla. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa ɓoye aibin kaya yana cire wa ciniki albarka. Kada ki je haɗuwa da mai saye ke kaɗai, ki tafi da maigida ko ɗan uwa, a haɗu a shago da rana. Kada kuma kaya ya bar hannu don an nuna miki saƙon shigar kuɗi. Ki buɗe asusunki ki gani da idonki, domin saƙon bogi ya yi yawa.

In taki waya ce

Duk abin da aka faɗa ya shafe ta, har da ƙari, don waya ta fi kyamara sanin sirrinki. Ki kwashe hotuna, har da hoton katin rigakafin yara da takardun asibiti in kina ajiye su a ciki. Ki cire layi da memori. Ki fita daga manhajar banki da WhatsApp da Facebook. Ki cire asusunki na Google, in ba haka ba wayar za ta iya kulle wa mai saye, ya dawo yana neman lambar sirrinki. Daga nan sai a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ki yi wannan da kanki ko a gabanki, kada ki bar ta a shago ki ce a goge miki.

In kuma yara za a ba, a duba shekarunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ba ta goyi bayan a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Wayar da bayanta ya ɗago alamar batir ya kumbura ce. Ba a ba yaro ita, ba a caja ta kan katifa, ba a huda ta, ba a jefa ta cikin sharar da za a ƙona.

Abin da muka yanke

Ƙanwata ba ta sayar ba, amma ba akwati ta mayar da ita ba. Ɗiyar Kawu, wadda ta gama sakandare tana zaune gida, ta fara bin ta wurin biki tana riƙe tsohuwar. Suka yi yarjejeniya a gaban Inna: duk abin da tsohuwar ta samo, a cire na yarinyar, saura ya tafi biyan bashi. An kuma sa rana. In Babbar Sallah ta wuce da wata ɗaya ba ta biya rabin bashin ba, za a kai ta Sakkwato, ba tare da memori ko ɗaya ba. An faɗa wa yarinyar ƙa'ida tun ranar farko: katin biki ba ya kwana a hannunta, kuma ba hoton kowa da zai shiga wayarta.

Ni kuwa da na koma Sakkwato na buɗe durowar gadona, na zaro tsohuwar wayata da ta kwana goma sha huɗu a watanni tana jiran ranar da zan buƙace ta. Na yi mata tambayar da na yi wa ƙanwata, ban samo mata aiki ko ɗaya ba. Na kwana biyu ina kwashe hotuna, na ci karo da na ranar da ɗana ya fara tafiya, wanda na ɗauka ya ɓata. Na goge ta, na sayar, kuɗin ya shiga na makaranta.

Katin da ke da hoton Malam yana wurin Inna, naɗe cikin ƙyalle, a cikin kwallarta. Mun gaya mata akwai kwafi a Sakkwato, akwai a intanet. Ta ce ta ji, amma a bar mata nata.

Ke fa, uwargida, taki tsohuwar tana ina, kuma kin san abin da ke cikinta?